Mil 55 a Awa: Rikicin Rage Gudu Tsakanin Gwamnatin Amurka da Direbobin Tirela

A farkon watan Disamba 1973, da daddare, wani direban tirela mai suna J.W. Edwards, mutumin jihar Kansas, ya ɗauko lodin nama zai kai New York. Yana kan babban titin I-80 cikin jihar Pennsylvania, tanki ya yi ƙasa, gidajen mai kuwa ba sa ba da abin da zai kai mutum gari. Maimakon ya sauka gefe, sai ya ja birki a tsakiyar titi, ya ɗauki rediyon oba-oba da ke gaban motar, ya shaida wa duk direban da ke jin sa cewa shi kam ya gaji, daga nan ba inda za shi. Kan a ce kwabo ɗaruruwan manyan motoci sun jeru a bayansa. Cikin 'yan kwanaki abin ya bazu zuwa Ohio da wasu jihohi, tituna da gadoji suka toshe.

Kukan direbobin uku ne: gas ya yi tsada, gas ya yi wuya, sannan an ce su rage gudu. Na farko da na biyu kowa ya gane su. Na ukun ne abin dubawa, domin gwamnati cewa take yi rage gudun nan taimako ne a gare su, tunda motar da ke tafiya a hankali ba ta shan mai da yawa. Mutumin da tsadar mai ta hana shi barci, me zai sa ya toshe titi don an ba shi hanyar rage shan mai?

Yadda aka zo wurin

A watan Oktoba 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙo, suka kuma daina sayar wa Amurka saboda goyon bayan da take ba Isra'ila. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa kusan dala 3 ta doshi dala 12 kafin watan Janairu 1974 ya fita. Mu nan Najeriya ba mu cikin masu takunkumin, don haka kuɗin ya kwararo mana, kuma dattawan da suka ci ƙarin albashin Udoji ba su manta ba. Tashin farashin da ya cika mana aljihu shi ne ya jera Amurkawa a layin mai.

A watan Nuwamba shugaba Richard Nixon ya fito ya nemi ƙananan motoci su tsaya a mil 50 a awa, manyan motoci da bas-bas kuma a mil 55, bisa hujjar cewa babbar mota ta fi tsimin mai a wannan gudun. Jihohi da dama ba su jira doka ba, suka fara rage gudun da ke rubuce a allunan gefen titi, kuma wannan ne ya tarar da su Edwards a hanya. Majalisa ta ga raba gudu biyu a titi ɗaya zai jawo rikici, sai ta tsayar da 55 ga kowa, wato kimanin kilomita 89 a awa. Nixon ya sa hannu ranar 2 ga Janairu 1974.

A tsarin Amurka ƙayyade gudu hurumin jiha ne, gwamnatin tarayya ba ta da ikon kafa allo a titin kowa. Sai ta bi ta aljihu: duk jihar da ta bar gudu ya wuce 55, ba za ta samu kuɗin gina tituna daga tarayya ba. Kafin wannan lokaci yawancin manyan tituna a 70 ko 75 suke, a Montana da Nevada ma akwai hanyoyin da ba su da lamba kwata-kwata da rana, mutum ya yi gudun da hankalinsa ya ba shi. Duk suka bi layi.

Inda gwamnati take da gaskiya

Tirela mai lodi tana kokawa da abu biyu a hanya: jan taya a kan kwalta, da iskar da take turewa da ƙirjinta. Jan taya kusan yana nan yadda yake ko da wane gudu ake yi, nauyin kaya ne ke ƙara shi. Iska kuwa ba haka take ba. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da iska ke tare ka da shi sau huɗu yake ninkawa. Daga 55 zuwa 65, ƙarin gudun bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, amma turjiyar iska ta ƙaru da kusan kashi 40. Gaban tirela faffaɗa ne, ga rata tsakanin kai da bodi inda iska ke shiga ta yi ta juyawa, ga kuma bayan bodin da ke jan iska yana riƙe motar. Da zarar maleji ya haura 50, iska ce ke cinye kaso mafi girma na abin da inji yake fitarwa.

Masu harkar suna da wani ma'auni na ka da suka daɗe suna amfani da shi: duk mil ɗaya da ka ƙara a kan 55, tafiyar da galan ɗaya ke yi maka za ta ragu da kashi ɗaya cikin goma na mil. Wato motar da galan ke kai ta mil 7 a gudun 55, in ta koma 65 mil 6 zai kai ta. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne. Ban da mai, taya ta fi ɗaukar zafi ta fi saurin cinyewa, birki ma haka.

Direbobin sun musanta wannan. Suka ce an tsara giyar motocinsu ne don gudun 65 zuwa 70, in aka tilasta musu 55 dole su sauko giya ɗaya, inji ya riƙa kuka yana shan mai fiye da da. Suka ƙara da cewa mota mai lodi tana buƙatar ta taho da ƙarfinta kafin ta fuskanci tudu, in ba haka ba a tsakiyar hawa za ta yi ta nishi ana sauke giya. Maganar ba ƙarya ba ce, akwai motocin da abin ya shafa. Amma a 1978 ma'aikatar sufuri ta gayyaci direbobi masu motar kansu zuwa wani filin gwaji a Ohio, kowa ya zagaya a 55 sannan ya zagaya a gudun da ya ga dama, aka auna man da ya ƙone. Yawancinsu a 55 suka fi tsimi. Ta fuskar inji dai gwamnati ce ta ci gardamar.

Inda lissafinta ya tsaya

Gwamnati galan take ƙirgawa. Direba kuwa mil yake ƙirgawa, domin da mil ake biyan sa.

Dokar wancan lokaci ta yarda direba ya yi tuƙi awa 10, sannan dole ya huta awa 8, kuma akwai iyakar awannin da zai yi a mako. Awa 10 a gudun 65 mil 650 ke nan. A gudun 55 kuwa 550. Kullum ta Allah mil 100 sun tafi, kusan kashi 15 cikin ɗari na aikin yini. Tafiyar da a da ake gamawa a kwana biyar ta koma shida.

Wanda abin ya fi duka shi ne mai motar kansa. Yawanci bashi ya ci ya sayi kan tirelar, duk wata banki na jiran biyansa, kamfanin inshora na jiran nasa, kuma waɗannan ba ruwansu da ko motar ta yi mil nawa. Kuɗin dako kuma ba shi ke yankewa ba. Tun 1935 hukumar ICC, mai kula da kasuwanci tsakanin jihohi, ita ke ba da lasisin ɗaukar kaya, ita ke amincewa da farashi. Ƙaramin mutum ba ya samun wannan lasisi cikin sauƙi, don haka sai ya jingina motarsa ga kamfanin da ke da shi, kamfani ya cire kasonsa ya miƙa masa saura, shi kuma ya sayi mai da taya ya yi gyara daga ciki. Kayan gona ne kawai aka bari ba a ƙayyade ba, nan ma dillali ne ke da baki. A 'yan watanni galan ɗin gas ya tashi daga wajen santi 30 (santi 100 ne dala ɗaya) ya doshi 50, kuɗin dako yana nan inda yake.

Bari mu yi lissafin da irin wannan mutum zai yi a bayan takardar lodi. A ce motarsa, irin ta zamanin, galan na kai ta mil huɗu da rabi a gudun 65, in ya sauko 55 kuma ya kai ta mil biyar da 'yan kai. A tafiyar mil 550 zai tsira da galan 15 ko 16. A santi 50, dala 8 ke nan. A ce kuma kowane mil yana kawo masa santi 50 kacal: mil 100 da bai yi ba dala 50 ne. Cire man da zai ƙona a mil ɗarin nan, cire na taya, har yanzu abin da ya rasa ya ninka abin da ya samu sau uku ko fiye. Lambobin misali ne, amma ko yaya ka juya su, a farashin 1974 ba za su goyi bayan 55 ba. Mai ya yi tsada ƙwarai in aka kwatanta da jiya, amma bai kai tsadar lokaci ba.

Direban kamfani ma da ake biya da mil ya ji a jikinsa, sai dai shi yana da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters da za ta zauna da kamfanoni a kan albashi, kuma ba shi ke sayen mai ba. Mai motar kansa ba shi da kowa. Shi ya sa daga wannan boren aka samu ƙungiyar OOIDA ta masu motar kansu, wadda Edwards ya zama shugabanta na farko, kuma tana nan har yau da hedkwata a jihar Missouri.

Yajin aikin 1974 da abin da aka biya

Toshe titi na Disamba bai kawo komai ba sai alkawura. A ƙarshen Janairu 1974 direbobin suka sauya salo, suka ajiye motoci gaba ɗaya. Abin ya ɗauki kusan kwana goma sha ɗaya, kuma bai yi kyau ba. An harbi motocin waɗanda suka ƙi tsayawa, an yanka tayoyi, an jefo duwatsu daga saman gadoji, an rasa rayuka. Gwamnoni da dama suka fito da dakarun jiha suna raka ayarin motoci. Masana'antu suka sallami ma'aikata saboda kaya ba ya shiga ba ya fita, nama da kayan gwari suka fara yankewa a kantuna. Gwamnan Pennsylvania, Milton Shapp, shi ya shiga tsakani, ya kwashi wakilan direbobin ya kai su Washington.

Abin da aka cimma ya nuna inda matsalar take tun farko. Ba a taɓa 55 ba. An ƙara wa gidajen man manyan motoci kaso, an daskarar da farashin gas na ɗan lokaci, sannan ICC ta amince da ƙarin kashi 6 cikin ɗari a kan kuɗin dako a matsayin kuɗin mai, wanda zai tafi ga wanda ya sayi man da kuɗinsa. Da yawa daga cikin direbobin sun ce an sayar da su, amma suka tada motoci.

Biyan na biyu ya zo bayan shekara guda. A Janairu 1975 shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta mayar da 55 ta dindindin, kuma cikin dokar nan aka ɗaga iyakar nauyin tirela a manyan titunan tarayya daga fam 73,280 zuwa fam 80,000, wato daga kimanin tan 33 zuwa 36. Ma'anar a fili take: mun rage muku tafiya, ku ƙara lodi ku cike gurbin. Sai dai ba a tilasta wa jihohi ba, kuma wasu da ke tsakiyar ƙasar, irin su Illinois da Missouri da Arkansas, suka ƙi. Mai lodin fam 80,000 da ya taso daga gabas zuwa yamma sai ya tarar da katanga a tsakiya: ko ya yi zagaye, ko ya rage kaya, ko ya bi dare ya kauce wa sikeli. Wannan na cikin abin da ya sake fito da su yajin aiki a watan Yuni 1979, lokacin da juyin juya halin Iran ya sake tada farashin mai. Sai a dokar 1982 aka tilasta wa jihohin duka.

A kan titi kuwa, kowa ya san 55 a allo kawai take. Rediyon oba-oba, wanda a da kayan aikin direbobi ne, ya zama abin da kowane mai mota ke sakawa, kuma babban aikinsa sanar da juna inda 'yan sanda suka laɓe da na'urar auna gudu. Direbobi suka riƙa tafiya a ayari, na gaba yana leƙen hanya, na baya yana tsaron ƙeya. Littafin da ake rubuta awannin tuƙi da biro ake cika shi, kuma akwai masu riƙe biyu, ɗaya na nuna wa jami'i ɗaya na gaskiya. Wasu jihohin ma da ido ɗaya suke kallon dokar. A Montana in an kama ka da rana kana gudu, tarar dala 5 ce, ba don ka yi ganganci ba, wai don ka yi almubazzaranci da arzikin ƙasa, kuma nan take za ka biya ka wuce. Nevada ma ta yi irin wannan a 1981.

Me dokar ta haifar

Man da aka yi tsimi bai kai yadda aka yi fata ba. Gwamnati ta sa ran rage kashi 2 da ɗoriya na fetur, amma yawancin ƙididdigar da aka yi daga baya ta tsaya a kashi 1 ko ƙasa da haka. Abin da ba a shirya masa ba shi ya fi fitowa: waɗanda suka mutu a haɗarin mota sun sauko daga kimanin 54,000 a 1973 zuwa kimanin 45,000 a 1974. Ba duka ne aikin 55 ba, domin mutane sun rage tafiya saboda ƙarancin mai, amma rabonta na ciki. Wani nazari da majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta fitar a 1984 ya ƙiyasta cewa dokar tana ceton rai 2,000 zuwa 4,000 a shekara, tana rage shan mai ganga 167,000 a kullum, tana kuma cin awa kusan biliyan ɗaya na lokacin matafiya duk shekara. Daga nan masu kare dokar suka bar maganar mai suka koma maganar rai, kuma a ganina nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi tun asali.

Da mai ya yi araha a tsakiyar shekarun 1980, sai dokar ta rasa masu tsaya mata. A 1987 majalisa ta yarda a koma 65 a manyan titunan da ke wajen gari. A watan Nuwamba 1995 shugaba Bill Clinton ya sa hannu aka soke ta gaba ɗaya, iko ya koma hannun jihohi.

2008: ba doka, ba ɗan sanda

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne abin da ya faru bayan shekara 34. A 2008 galan ɗin gas ya haura dala 4, a watan Yuli ya kai wajen dala 4.76. Ba wanda ya kafa doka. Amma kamfanin Con-way Freight ya sauke gudun motocinsa daga 65 zuwa 62, kamfanin Schneider National ya sauke daga 63 zuwa 60, kowannensu yana lissafin zai tsira da sama da galan miliyan 3 a shekara. Injinan zamani kwamfuta ke sarrafa su, makaniki zai jona waya ya sa lamba, daga nan ko direba ya take totur har ƙasa motar ba za ta wuce ba. Ƙungiyar manyan kamfanonin dako, ATA, har roƙon gwamnati ta yi a dawo da iyaka ta ƙasa baki ɗaya a 65.

Lissafin ne ya juya. Ɗauki motar da ke yin mil 100,000 a shekara. A gudun 65, galan na kai ta mil 6, za ta sha galan 16,700. A gudun 60, galan na kai ta mil shida da rabi, za ta sha 15,400. An tsira da galan 1,300, an kuma ƙara awa 128 a kan hanya. Raba wannan da wancan: duk awa ɗaya da ka haƙura da ita tana mayar maka da galan 10. Sauran magana ta farashi ce. In galan santi 50 ne, awar ta kawo dala 5. In dala ɗaya da 'yan kai ne, kamar a ƙarshen shekarun 1990, ta kawo dala 12, ba abin da zai sa mutum ya ɗaga ƙafa. In kuwa dala 4.70 ne, ta kawo dala 47. A nan ko ba a ce maka komai ba za ka sassauta.

Kuɗin man da aka ba direbobi a 1974 don su koma aiki shi ma ya rikiɗe ya zama abin da ke sa a rage gudu. Yau kusan kowace yarjejeniyar dako tana da shi. Duk mako hukumar makamashi ta Amurka ta fitar da matsakaicin farashin gas, sai a cire wani tsayayyen farashi da aka yi yarjejeniya a kai, a raba abin da ya rage da mil 6 ko shida da rabi, a biya a kan kowane mil. In galan dala 4.80 ne, tsayayyen farashin kuma dala 1.20, mai kaya zai ƙara santi 60 a kowane mil, ba ruwansa da abin da motarka ta sha. Wanda galan ke kai shi mil 7 yana ƙona kusan santi 69 a mil, wato santi 9 ne kawai daga aljihunsa. Wanda ke gudu galan na kai shi mil biyar da rabi yana ƙona santi 87, santi 27 daga aljihunsa. Lodi ɗaya, hanya ɗaya, amma ɗaya ya biya ninki uku na ɗan'uwansa. Shi ya sa yau za ka ga mai motar kansa, jikan waɗanda suka toshe titi don an ce 55, yana lallaɓawa a 60 a layin dama ba wanda ya sa shi.

Duk wanda ya san harkar tirela a hanyar Kano zuwa Legas ya san wannan ba sai an fassara masa ba. Inda mai mota ke auna wa direba litar da za ta kai shi, abin da ya rage nasa ne, ba sai an roƙe shi ya rage gudu ba, har ma yakan wuce gona da iri ya saki mota firi a gangara, abin da ya hallaka mutane da yawa. Inda kuwa da yawan sawu ake biyan sa, man kuma na maigida ne, ko na'urar ƙayyade gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa a 2017 aka saka masa, sai ya nemi mai waya ya kwance ta.

Wanda ya biya kuɗin 2008

Kar a yi saurin yaba wa kamfanonin. Galan miliyan ukun nan aljihun kamfani suka shiga. Awannin da aka ƙara kuwa daga jikin direba aka cire su, domin yawancin direbobin dogon zango har yau da mil ake biyan su, kuma dokar ƙwadago ta 1938 da ta wajabta biyan kuɗin ƙarin lokaci ta cire direbobin manyan motoci daga ciki. Dokar yanzu ta ba direba tuƙin awa 11 cikin awa 14, sannan hutun awa 10. In an rage masa mil 3 a awa, ya rasa mil 33 a yini, kuma tun Disamba 2017 da aka wajabta na'urar da ke rubuta awannin tuƙi da kanta, babu sauran littafi na biyu. Ga kuma zaman jira a wurin lodi da sauke kaya, inda bisa al'ada awa biyun farko kyauta ne, agogon awa 14 kuwa yana ta tafiya. Mutumin da aka ɓata wa awa huɗu a bakin sito, in ya fito titi ba lissafin galan ne a ransa ba, so yake ya isa inda zai samu wurin ajiye mota kafin lokacinsa ya ƙare. Wasu kamfanonin sun gane haka, suka riƙa ba direba lada a kan tsimin mai, ko suka ƙara kuɗin mil. Waɗanda ba su yi ba, direbobinsu suka riƙa guduwa zuwa inda mota ke da sauran numfashi.

A nan nake ganin kuskuren 1974 da na wasu kamfanonin 2008 iri ɗaya ne. Dukansu sun yi daidai a kan inji. Dukansu kuma sun ɗauki lokacin direba kamar abin da ba shi da farashi, suka karɓi ribar man suka bar masa asarar awannin. Bambancin kawai, a 1974 asarar ta fi ribar girma nesa ba kusa ba, don haka ko an raba daidai ba za ta biya ba sai da aka haɗa da ƙarin nauyi da ƙarin kuɗin dako. A 2008 ribar ta isa a biya direba a kuma samu saura, ga wanda ya so ya biya.

Gardamar ba ta mutu ba. Turai ta daɗe da wajabta na'urar da ke tsayar da manyan motoci a kilomita 90. Lardunan Ontario da Quebec na Kanada sun sa tasu a kilomita 105 tun 2009. A Amurka hukumomin sufuri sun gabatar da daftari a 2016 suna tambaya ko a tsayar a 60, ko 65, ko 68. Wasu manyan kamfanoni suka goyi baya. OOIDA ta tsaya kai da fata, tana cewa tirela mai 65 a titin da ƙananan motoci ke yin 80 haɗari ce, kuma kamfanonin so suke a ɗaure ƙafar kowa tunda sun riga sun ɗaure tasu, don kada ƙaramin mai mota ya riga su kai kaya ko ya janye musu direbobi. Daftarin ya yi shekara tara yana yawo tsakanin ofisoshi, a watan Yuli 2025 aka janye shi. Yanzu kowace jiha da nata: akwai titi a Texas da allonsa ke cewa 85, a Kalifoniya kuwa tirela har gobe ba ta da izinin wuce 55.